Mece ce cibiyar fasaha ta al'umma?

Cibiyar fasaha ta al'umma wuri ne da ake buɗe wa mutanen gari su koyi zane, sassaƙa, ginin tukwane, rini ko wasan kwaikwayo, ba tare da an nemi takardar makaranta ba. Ɗaki take bayarwa da kayan aiki, sai kuma gwanin da zai duba aikin yaro ya nuna masa inda hannu ya kauce.

Zariya ta yi suna a zane ta hanyar makaranta. A kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ne su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Amma wannan ƙofa ce ta wanda ya ci jarrabawa. Yaron Tudun Wada mai rubuta allon shago, ko yarinyar cikin birni da ta iya zanen lalle, cibiya suke bukata.

An ga amfaninta a Oshogbo, inda bitar da Georgina Beier ta gudanar a cibiyar fasaha ta Mbari Mbayo a 1964 ta fito da masu zane irin su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh. Ladi Kwali ma, wadda hotonta ke jikin naira ashirin, da gwanintar ginin tulu ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja (Suleja ta yau) a 1954. A can ta ƙara da juya yumɓu a kan na'ura da gashi mai zafin gaske.

Farkon koyo duk ƙananan abubuwa ne, kuma su ke sa yaro ya ɗore ko ya watsar. Mai ginin yumɓu sai an nuna masa ya murje shi sosai, domin iskar da ta maƙale a ciki da danshin da bai fita ba su ke fasa tukunya a wuta. Lokacin hunturu kuwa, iskar Zariya takan busar da bakin tukunya kafin gindinta, sai ta tsage. Maganinsa a lulluɓe ta da leda a bar ta a inuwa ta bushe a hankali. Mai sassaƙa katako don buga hoto dole ya juya zanen, hagu ta koma dama, in ba haka ba rubutun ya fito a birkice. In ya cika tawada, siraran layuka su toshe.

Babbar illa ita ce ɗalibai su kwafe hannun malami, har a kasa bambance aikin wannan da na wancan. Malami nagari yakan tura su kallon adon bangon gidajen birni da ɗinkin aska takwas, kowa ya dawo da abin da idonsa ya kama. Masu saye ma suna ɓata yaro: da hoto ɗaya ya samu kasuwa, sai ya yi ta maimaita shi shekara da shekaru. Cibiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya kuma takan rufe da zarar ya bar gari, shi ya sa ake fara damƙa wa manyan ɗalibai makulli da ajin yara tun yana nan.