Sabunta rajistar domen a manhajojin lissafin kuɗi na kamfanonin hostin

Sabunta rajistar domen shi ne biyan kuɗi domin tsawaita wa'adin riƙe sunan da ake samun shafin intanet da shi, irin wanda ke ƙarewa da .com ko .org ko .ng. Domen ba a sayensa a mallake shi har abada. Hayarsa ake yi, yawanci daga shekara 1 zuwa 10. Kamfanonin hostin, wato masu ba shafuka masauki a kan sabobinsu (manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka), su ne galibi ke karɓar kuɗin daga hannun jama'a, kuma sun ɗora aikin tuna ranaku da fitar da takardun biya a kan manhajar lissafi. Wadda ta fi shahara ita ce WHMCS, da aka ƙirƙira a Birtaniya da yaren rubuta manhaja na PHP, yanzu kuma tana ƙarƙashin rukunin WebPros tare da manhajojin sarrafa saba cPanel da Plesk. Akwai kuma Blesta da HostBill da ClientExec, sai FOSSBilling wadda kyauta ce.

Hannun da kuɗin ke bi

Kowane ƙarshen suna yana da hukuma ɗaya mai riƙe da kundinsa na asali. Verisign ce ke da .com da .net, Public Interest Registry ke da .org, NiRA kuma ke kula da .ng na Najeriya. A ƙarƙashinsu akwai kamfanonin rajista irin su Enom da Namecheap, waɗanda ke magana da kundin ta hanyar EPP, wato ƙa'idar aika umarni tsakaninsu da hukumar kundi. Ƙananan kamfanonin hostin da yawa 'yan sari ne kawai: sukan ajiye kuɗi a asusunsu na kamfanin rajista, ana cira duk lokacin da suka yi rajista ko sabuntawa.

Manhajar lissafi tana hannun ɗan sari ne, kuma nata littafin take rubutawa. Nan ne tushen yawancin matsaloli. A WHMCS kowane domen yana da ranaku biyu da ba lallai su dace ba: ranar ƙarewar wa'adi, da ranar da ake bin mai shi kuɗi na gaba. Da ta biyun manhajar ke aiki wajen fitar da takardar biya. Kullum wani aiki da aka saita wa lokaci, mai suna cron, yana bin jerin domen ɗin, ya fitar da takarda ga waɗanda ranarsu ta gabato, ya aika imel ɗin tunatarwa. Idan an biya, manhajar ta tura umarnin sabuntawa zuwa kamfanin rajista, shi kuma ya isar wa hukumar kundi.

Biyan takarda daban, sabuntawa daban

Takarda kan iya nuna an biya alhali domen bai sabuntu ba. Hanyoyin da hakan ke faruwa sanannu ne ga masu sana'ar. Kuɗin ajiyar ɗan sari ya ƙare, umarni ya dawo da kuskure, babu wanda ya buɗe jerin kurakurai. Ko kuma an mayar da manhajar sabuwar saba, lambar IP, wato adireshin sabar a intanet, ta canza, kamfanin rajista ya ƙi karɓar umarni daga lambar da bai sani ba. Ko cron ya tsaya, a yi kwanaki ba takardar da ta fita. Wani lokaci ma abokin ciniki ya tura kuɗi ta banki ranar Juma'a da yamma, sai Litinin ma'aikaci zai ga alat ya shigar da biyan da hannu, wa'adi kuwa ya cika tun Asabar.

Maganin da manhajojin suka tanada shi ne daidaita ranaku: lokaci-lokaci su tambayi kamfanin rajista ainihin ranar ƙarewa su gyara littafinsu. WHMCS tana ba da damar a sa ranar biya ta riga ranar ƙarewa da wasu kwanaki, kuma wannan saiti ya fi yawancin sauran muhimmanci, domin shi ne ke ba da sararin gano kuskure kafin shafi ya sauka. Akwai kuma maɓallin kashe sabuntawa ga wanda ba ya son ci gaba da riƙe suna. Idan aka danna shi bisa kuskure, takarda ba za ta fita ba sam.

Idan wa'adi ya wuce

Ga sunaye irin .com da .org, hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet, ta kafa doka da ta fara aiki ranar 31 ga Agusta 2013. Dole a tunatar da mai domen sau biyu kafin ƙarewa, kimanin saura wata guda da kuma saura mako guda, sannan a sake aika masa cikin kwana 5 bayan wa'adi ya cika. Daga nan akwai wa'adin sassauci da kan kai kwana 45, gwargwadon tsarin kamfanin rajista, wanda a cikinsa galibi ana sabuntawa a kan farashin da aka saba. Amma shafi da imel sukan daina aiki a wannan lokaci. Idan aka goge sunan, sai ya shiga wa'adin fansa na kwana 30, inda dawo da shi ke cin kuɗi ninki-ninki. Bayan nan kwana 5 na jiran sharewa, babu mai iya taɓa shi, sai a sake shi ga duk wanda ya riga. Wasu kamfanonin rajista ba sa ma jira, sukan sa suna mai daraja a gwanjo tun kafin a goge shi.

Manhajar lissafi tana buƙatar a shigar mata da tsawon waɗannan wa'adai da kuɗin fansa ga kowane ƙarshen suna. In ba haka ba, za ta karɓi kuɗin sabuntawa na yau da kullum a kan domen da ya riga ya shiga fansa, kamfani ya cika ragowar daga aljihunsa. Sunayen ƙasashe kuwa ba sa ƙarƙashin waccan doka, kowace hukuma da nata tsarin. Nominet, mai kula da .uk, takan dakatar da suna bayan kwana 30, ta soke shi bayan kimanin kwana 90.

Mantuwa ba ta bar manya ba. A Disambar 1999 Microsoft ta bar passport.com ya ƙare, masu shiga imel ɗinta na Hotmail, wanda ta wannan suna ake shigarsa, suka rasa hanya, sai wani masanin kwamfuta mai suna Michael Chaney ya biya dala 35 daga aljihunsa ya sabunta.

Farashi

Kuɗin sari na .com ya tsaya a dala 7.85 daga 2012 har zuwa 2021, sannan ya riƙa hawa kowace shekara har ya kai dala 10.26 a Satumbar 2024. Kamfanin da bai sabunta jadawalin farashinsa a manhaja ba zai riƙa sayarwa ƙasa da yadda ya saro. A WHMCS lamarin yana da wani lauje: kowane domen yana ɗauke da kuɗin da aka rubuta masa tun farko, don haka canza jadawali kaɗai ba ya taɓa tsofaffin abokan ciniki, sai an bi su da kayan aikin gyaran farashi na bai-ɗaya. Kamfanonin Najeriya da ke karɓar naira ta Paystack ko Flutterwave amma suke biyan kamfanonin rajista da dala sun fi jin wannan a jikinsu, musamman bayan da aka saki farashin naira a Yunin 2023, domin takardar da aka fitar mako biyu kafin wa'adi kan iya gaza kuɗin sari a ranar da aka biya ta.