Me ake nufi da "fuskar manhaja" a situdiyon kiɗa?

A situdiyoyin Yamai za ka ji matasa masu haɗa kiɗa suna cewa "antarfas ɗin nan akwai wuya". Daga Faransanci kalmar ta shigo, kuma fuskar manhaja suke nufi: duk abin da ido ke gani a allon kwamfuta, hannu kuma ke dannawa, maɓallai, layuka, akwatuna, da inda aka ajiye kowanne.

Manhajar kiɗa kayanta yawa gare su: ganguna, piyano, ɗaukar murya, gyaran sauti. In aka zube su gaba ɗaya a gaban sabon shiga, sai kansa ya ɗaure. Fuska mai kyau tana yin abin da ɗan kasuwa ke yi a Babbar Kasuwa, kayan da ake tambaya kullum a bakin shago, sauran a ciki har a buƙace su.

Dubi FL Studio, manhajar haɗa kiɗa ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda ta fara da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990. Kana buɗe ta za ka ga jerin ƙananan gidaje 16 a gaban kowace ganga. Na ga yaro a unguwar Bukoki ta Yamai, ranarsa ta farko, ya danna gida na 1, na 5, na 9 da na 13, bugu ya tashi, ya hau gyaɗa kai. Ba wanda ya koya masa. Dabarar ma tsohuwa ce, injin bugun ganga Roland TR-808 na 1980 yana da maɓallai 16 ɗin nan.

Amma ga inda abin ke damuna. Gidaje 16 huɗu-huɗu suke rabuwa, alhali kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya. Kalangu kuwa, mai kiɗa na matse shi a hammata, muryar kalangun ta hau ta sauka tana jan magana, shi kuma allon piyano na manhaja matakai 12 ya yanka sauti. Ana iya gyara duka biyun, sai dai hanyar tana can ciki, sai wanda ya ƙware. Shi ya sa yaro ke ɗaukar abin da ya tarar a bakin shago, kiɗan bikinmu ya fito a miƙe, babu wannan lanƙwasa ta kalangu da ke tayar da mata daga tabarma.