Waiwaye: Yadda takunkumin wa'azi ya kai malaman coci ga makaranta da asibiti a Arewa

A shekarar 1900 wata ƙaramar tawagar CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglika, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ta isa Kano. Sarki Aliyu Babba ya saurare su a fada, sannan ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka juya kudu, suka yada zango a Girku ta ƙasar Zazzau. Mai son ya gane dalilin da ya sa aka fi sanin malaman coci a Arewa da aji da ɗakin magani, daga wannan korar zai faro.

Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903, ya yi alkawarin gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin jama'a ba. Razdan-razdan suka riƙe alkawarin nan gam, musamman bayan tawayen Satiru na 1906 ya nuna musu abin da rikicin addini zai iya jawowa. Mishan ba ta kafa tasha a masarauta sai da izinin gwamnati, izinin kuwa da wuya ya fito. Sai 'yan mishan suka karkata zuwa inda ba a tsaurara ba. SIM (Sudan Interior Mission) ta zauna a Patigi a 1902, Karl Kumm na SUM (Sudan United Mission) ya sauka Wase a 1904, fada-fadan Katolika na ƙungiyar mishan ta SMA suka buɗe Shendam a 1907, Stover Kulp da Albert Helser suka kafa Garkida a 1923. Taswirar Kiristanci a Arewa ta yau kusan ita ce wannan, kuma giɓin karatun boko tsakanin lardunan yana da jijiya a nan.

Ainihin aikin a ƙauye ba Bature ke yin sa ba. Mai bishara ne, ɗan ƙasa, wanda aka ɗan horar a tashar mishan aka tura shi da iyalinsa. A ba shi fili ya yi noma don ya ci, a kafa rumfa guda wadda take aji a ranakun mako, majami'a ran Lahadi. Yana koyar da baƙi da wasali, ƙidaya, waƙoƙi da tambayoyin baftisma. A wurare da yawa ba a yi wa baligi baftisma sai ya iya karanta Linjila da kansa, don haka shiga ikilisiya ya zama shiga karatu. Yaron da ya yi fice sai a kai shi makarantar kwana a tasha, daga can zuwa irin su Gindiri, inda SUM ta fara horar da malamai da masu bishara a 1934. Tsarin yana da rauninsa. Damina na faɗuwa aji ya watse, yara su koma gona. Mai bisharar ma sau da yawa da kaɗan ya fi ɗalibansa. In kuma mishan biyu suka yi ido biyu da ƙauye ɗaya, sai gasa ta raba dangi gida biyu.

Akwai kuma matsalar harshe. Daga Filato zuwa Adamawa da kudancin Zariya harsuna sun fi a ƙirga, babu mishan ɗin da ke da ma'aikatan da za su fassara Littafi a kowanne. Sai aka jingina da Hausa. Aikin ya samo asali tun daga Rabaran James Schön, abokin tafiyar Samuel Ajayi Crowther a Kwara a 1841, wanda ya buga nahawun Hausa a 1862 da taimakon wani Bahaushe mai suna Dorugu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Sakamakon a bayyane yake cikin sunayen coci-cocin da kansu: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya (TEKAN) da aka kafa a 1955. Ba kasafai ake lissafa mumbarin coci cikin abubuwan da suka yaɗa Hausa ba, alhali ya kai ta ƙauyukan da fatake ba su cika zama ba. Shi ma G.P. Bargery, mai babban ƙamusun 1934, CMS ce ta fara kawo shi, haka Hanns Vischer, Ɗan Hausa, da CMS ɗin ya zo kafin ya koma aikin gwamnati ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909.

Zariya ce ta fita daban. Walter Miller, likitan CMS, ya samu zama a cikin birni tun 1905, har aka matsar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Nan aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, tare da makaranta da asibiti. Masu bi ba su taɓa yin yawa ba, amma 'yan kaɗan ɗin sun yi tasiri: Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon da ya tashi a can.

Ƙofar sauran masarautu kuwa kuturta ce ta buɗe ta. A ƙarshen shekarun 1930 aka miƙa wa SIM gidajen kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. En'e ta ba da fili da kuɗi, mishan ta kawo likita da nas-nas. Maganin lokacin allurar man chaulmoogra ce, mai zafi, warkewa kuma sai sa'a, har ƙwayar dapsone ta zo wajen 1950 ta ba da damar jinyar mutum yana gidansa. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi a Nijar a 1950. Jayayya ba ta rasa ba: majinyaci yakan yi shekaru a gidan kutare, yara ma haka, batun wa'azi ga wanda ba shi da wani wurin zuwa ya riƙa haɗa sarakuna da mishan.

Tun da masu ilimin farko a ƙabilun Tsakiyar Najeriya coci ce ta raine su, siyasa ta same su a bakin ƙofa. Fasto David Lot na cikin jagororin gwagwarmayar Tsakiyar Najeriya a farkon shekarun 1950. Daga baya aka samu ƙungiyar Kiristocin Arewa a 1964, sannan ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, a 1976.

A shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun. St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Zariya ta koma Kufena, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina. Hujjar ita ce a daidaita manhaja, a buɗe ƙofa ga kowa ba tare da iyaye Musulmi sun yi fargaba ba, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa fiye da kima, malami ya zama ma'aikacin da ake yi wa canji daga hedikwata, gyaran rufi da abincin 'yan kwana suka koma jiran kasafi. Legas ta mayar da wasu makarantun ga masu su a 2001, Anambra a 2011, a Arewa kuwa coci-coci sun fi karkata ga gina sababbi. Kuɗin makaranta a cikinsu ya fi ƙarfin da yawa daga masu ba da baiko ran Lahadi, domin abubuwa uku da suka sauƙaƙa tsohon tsarin, tallafin gwamnati da gudummawar ƙetare da malamin mishan mai ɗan ƙaramin albashi, duk sun ja baya.