Me ake nufi da "inbata" a jikin AC da firji?

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano kwanan nan ya ji wannan kalma. Mai shago zai dafa kwali ya ce, "Alhaji, wannan mai inbata ce, ba ta shan wuta," sannan ya faɗi farashin da ya ɗara na 'yar'uwarta. Abu biyu ne ke amsa wannan suna, kuma masu saye da yawa suna cakuɗa su.

Na farko shi ne akwatin nan da ake haɗawa da batir da farantin sola. Wutar da batir ke ajiyewa hanya ɗaya take bi, ita kuwa ta NEPA kai-da-komo take yi, sau 50 a daƙiƙa, a kan bolt 230. Aikin akwatin shi ne juya ta batir ta koma irin wadda fanka da talabijin suka sani.

Na biyu yana cikin firjin ko AC ɗin ne, kuma ba ya ajiye wuta ko kaɗan. Aka ɗauke wuta, firji mai inbata zai tsaya kamar kowane firji. Abin da ya bambanta shi yana wajen kwamfiresa, injin da ke tura gas ɗin da ke kawo sanyi. A tsohon samfuri, kwamfiresa ba ta san tsaka-tsaki ba: ko tana gudu da dukkan ƙarfinta, ko tana kashe. Sanyi ya kai inda aka saita ta mutu, ɗaki ya fara ɗumi ta sake tashi. Kowane tashi kuma yana fizgar wutar da ta ninka ta aikinta na yau da kullum sau uku ko fiye, shi ya sa za ka ga ƙwan lantarki ya dushe, janareta ya yi nishi, wani lokacin ma ya mutu.

A mai inbata, akwai allon lantarki da ke ƙara wa kwamfiresa gudu ko ya rage mata. Tana tashi a hankali, ta yi ƙarfi har ɗaki ya ɗauki sanyi, sai ta sassauta ta ci gaba da tafiya ƙasa-ƙasa. Kamar uwargida ce da tukunyarta ta tafasa: itace take janyewa, ba kashe murhun take ta sake hurawa ba. Fasahar ba sabuwa ba ce, kamfanin Toshiba na Japan ya fitar da AC ɗin gida mai wannan tsari tun 1981. Mu ne dai maganar ta dame mu yanzu, musamman tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit, ga fetur ya yi tsada, ga gidaje sun koma sola.

To, wa ya kamata ya saya? A ganina mai sola da mai ƙaramin janareta su ne kan gaba, domin wannan tashi a hankali shi ne ke ba su damar kunna abin tun farko. Sai mai mita da ke barin AC a kunne dare guda. Firji ma haka, tunda ba a kashe shi.

Amma ragin wutar yana da sharaɗi: sai ɗaki ya yi sanyi kwamfiresa ke sassautawa. In ka sa AC mai ƙarfin doki ɗaya a babban falo, ƙofa a buɗe, yara na shiga suna fita, rana ta watan Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri tana dukan kwanon rufi, to ba za ta taɓa samun hutu ba, kuma kuɗin da ka ƙara ya tafi a banza. Ƙurar hunturu ma in ta toshe ragar tace iska, haka za ta yi ta wahala. Wanda wutar unguwarsu ba ta wuce awa biyu a rana, kuma ba shi da sola, zai daɗe bai fanshe bambancin farashin ba.

Akwai kuma abin da mai shago ba ya gaggawar faɗa. Allon nan ba ya son wutar da ke hawa da sauka, kuma in ya ƙone, ba kowane mai gyara a bakin titi ke iya taɓa shi ba, sau da yawa sai dai a canza shi ɗungurungum. Don haka a sa kuɗin sitabilaiza a cikin lissafi tun daga shago. A kuma karanta takardar garanti da kyau: shekara 10 da kamfanoni irin su LG ke rubutawa da manyan baƙaƙe ta kwamfiresa ce kawai. A tambayi mai shago ta allon shekara nawa ce, a kuma sa shi ya rubuta a rasit.