Abincin da ke taimaka wa sinadarin maza: amsoshin da nake ta maimaitawa

Kullum tambayoyin nan ɗaya ne ake turo min, to ga su nan a haɗe, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wane sinadari ake magana a kai?

Testosterone. Maraina ne ke samar da mafi yawansa, kuma yana ɗan raguwa da kansa, kamar kashi 1 cikin 100 a shekara, in mutum ya wuce talatin zuwa arba'in. Wannan ba ciwo ba ne.

Awara tana rage mazakuta?

A'a. An tattara binciken da aka yi kan waken suya a 2010, aka sake a 2021, ba a ga yana sauke testosterone a jikin maza ba. Ka ci awararka.

To me zan ci?

Abin da ke kasuwar ku. Jiki na buƙatar zinc, kusan miligiram 11 a rana ga namiji, kuma akwai shi a jan nama, hanta, wake, gyaɗa, riɗi da agushi. Ga ƙwai da gwaiduwarsa, kifi mai maiƙo irin titus da sadin, zogale da alayyahu. Amma ka gane, abinci giɓi yake cikewa. In dama ba ka da ƙarancin zinc, ko ka sha ƙwayarsa ba abin da zai ƙaru, kuma wuce miligiram 40 kullum illa ne.

Tumbi fa, ya shafi maganar?

Sosai ma, kuma shi ne ba ku son ji. Kitsen jiki yana juya testosterone ya koma estrogen, wanda ya fi yawa a jikin mata. Mutum zai sha lemon kwalba uku a rana, shayi da suga cokali huɗu, ya kwana yana danna waya, sannan ya zo yana tambayata wane ganye zai dafa. Haba malam! A Jami'ar Chicago a 2011 an sa samari lafiyayyu barcin awa 5 kawai na mako guda, testosterone ɗinsu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Giya da tramol su ma suna sauke shi.

Ina da ciwon suga, zan iya shan kunun aya da dabino da zuma, in haɗa da hulba?

Nan sai an bi a hankali. Aya abinci ce mai kyau, dabino ma haka, ban ce ka daina ba, sai dai mafi yawan gwajin da aka yi kan aya da citta a wannan fanni a kan ɓeraye ne, ba mutane ba. Matsalarka kai suga ce, domin kunun da aka cika wa dabino aka ƙara zuma aka tace dusar zai iya ɗaga maka ita, ita kuma sugar da ba a riƙe ba tana lalata jijiyoyi da hanyoyin jini, wato ainihin abin da ke kawo raunin da kake gudu. In za ka sha, ƙaramin kofi, ba zuma, dabino ɗaya ko biyu, ka gwada sugarka bayan awa 2 ka ga yadda jikinka ya karɓa, don ba kowa ne ɗaya ba. Hulba kuma binciken da aka yi da mutane ƙanana ne kuma sakamakon ya sha bamban, ga shi tana iya sauke suga, to in kana kan insulin ko ƙwayar suga ko maganin tsinka jini kar ka fara sai likitanka ya sani. Kuma kar ka karaya, da yawa in suga ta daidaita nauyi ya ragu abin yana gyaruwa.

Maganin maza na kwalba da zumar da ake tallatawa fa?

Ka rabu da su. An sha kama irinsu da sinadarin Viagra a ɓoye, ko a Amurka hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta yi gargaɗi kan irin wannan zuma a 2022. Mai shan maganin zuciya na nitrate in ya haɗa, jininsa na iya faɗuwa warwas.

Ta yaya zan san testosterone ɗina ya yi ƙasa?

Gwajin jini, da safe kafin ƙarfe 10, kuma sau biyu a ranaku daban. Kasala kaɗai ba hujja ba ce. Je asibiti, ka ce a duba maka suga da hawan jini a lokaci guda.