Ɗan jagora ba ya jan makaho a tsere

Mutane da dama na ɗauka cewa ɗan jagora ne ke jan makahon ɗan tsere a gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle ta naƙasassu, wadda aka fara a Berlin a 1994. Ba haka ba ne. A rukunin T11, wato na waɗanda ba sa gani ko kaɗan ko kusan haka, dole ɗan tsere ya rufe ido, kuma igiyar da ke haɗa hannunsa da na ɗan jagora ba ta wuce santimita 30 a tseren cikin filin wasa. Aikin ɗan jagora shi ne daidaita taku da faɗa masa inda kwana take. Da zarar ya ja shi, ko ya tura shi, ko ya riga shi tsallake layin ƙarshe, an soke sakamakon ke nan. Layin gudu biyu ake ba kowane ɗan tsere da ɗan jagoransa, shi ya sa 'yan tsere huɗu kacal ke karawa a zagayen ƙarshe na mita 100.