Kafin a zuba harsashin zauren gasar gem a Legas

Tun da aka yi gasar duniya ta wasannin gem a Riyad a 2024, inda kuɗin kyauta ya kai dala miliyan 60, zancen ya ƙi mutuwa a majalisun matasanmu na Agege da Idi-Araba. Wasu na cewa Legas ma ta isa ta mallaki katafaren zaure mai dubban kujeru da manyan allunan kallo. Wasu kuma na cewa garin da ke fama da wuta da cunkoso, ina shi ina wannan almubazzaranci? Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya abin ya faɗo daga sama, alhali ya yi shekara hamsin yana tafe.

Farkon labarin sananne ne. A 1972 ɗaliban Jami'ar Stanford a Amurka suka yi gasar Spacewar, a 1980 kamfanin Atari ya tara mutum sama da 10,000 a gasar Space Invaders. Daga nan sai Koriya ta Kudu ta karɓe ragama. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1997, shagunan kwamfuta na haya suka cika unguwanni, wasan StarCraft ya fito a 1998, aka kafa hukumar wasan a 2000, sannan a 2005 aka buɗe zaure na musamman a Yongsan cikin birnin Seoul. Zuwa 2017 wasan ƙarshe na League of Legends ya shiga babban filin Olamfik na Beijin. A lura da jerin na Koriya: shago ne ya haifi 'yan wasa, 'yan wasa suka jawo 'yan kallo, gini ya zo a ƙarshe.

Mu ma mun taɓa samun shagon. Duk wanda ya tashi a Agege bayan 2000 ya san gidan gem: ɗaki ɗaya, talabijin biyu, PlayStation 2, benci, da ƙaramin janareto yana kuka a bakin ƙofa. Hannu biyu ne kawai, wanda aka ci shi zai biya ya tashi, masu jiran layi sun jingina da bango suna ihu kamar a gidan kallon ƙwallo. Ina tuna hannu ɗaya da aka ɗaure da salatif, kowa na gudunsa, sai gwani ne ke ɗauka don ya nuna isa. Kusa da shi kuma akwai kafe, inda ake sayen awa a kwana ana lilo a intanet. Irin ƙasar da Koriya ta yi shuka a kanta ke nan.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru daga 2010. A shekarar ne wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, WACS da ACE suka biyo baya a 2012. Kafin nan waya ɗaya tilo, SAT-3, da tauraron ɗan adam ake dogaro da su. Intanet ya yi sauƙi, kuma alheri ne babba. Sai dai bai bi ta ƙofar shaguna ba, aljihu ya shiga kai tsaye. Wayar Android mai araha ta cika Computer Village, data ta sauko, mai kafe kuwa yana nan da kuɗin haya da na mai. Ɗaya bayan ɗaya suka rufe, wasu suka koma wurin buga takardu, wasu wurin cajin waya. Lokacin da wasan waya na Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019, sai suka tarar da dubban gwanaye, kowa a ɗakinsa, babu rufin da ya saba tara su.

Akwai kuma rabin labarin da ke ƙarƙashin ruwa. Wayar teku ta iso, amma uwar garken wasannin da yawa, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa ta intanet, ta zauna a Turai, wasu daga baya a Afirka ta Kudu. Daga Legas zuwa Fotugal wayar MainOne ta kai kimanin kilomita 7,000, haske kuma a cikin zaren gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Zuwa da dawowa ke nan milisakan 70 sun tafi, tun kafin saƙon ya bi ta na'urorin kan hanya. Wannan jinkirin ne 'yan wasa ke kira ping. Ɗan yayata da ke taya mai shagon caji aiki a Mile 12 ya taɓa miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, duba, ni na fara harbi amma ni aka kashe." Ba ƙarya ya yi ba. Abokin karawarsa ya fi shi kusa da uwar garke, kuma duk tsadar kujerar da za a ba yaron nan ba za ta rage nisan teku ba. Shi ya sa a manyan gasanni ake haɗa na'urorin 'yan wasa da uwar garke a cikin gini ɗaya.

To idan masu zanen zauren za su zauna, ni a ganina daga nan ya kamata su fara, ba daga hoton zauren Arlington na jihar Texas da aka buɗe a 2018 ba. Wancan an gina shi ne don masu kwamfuta. Namu ɗan wasan da waya zai shigo, wayar da ke zafi a hannu bayan rabin awa, ke neman caji, ke rasa sabis da zarar mutum dubu sun taru wuri ɗaya. Yana buƙatar sanyi, da soket a kowane tebur, da wutar da ba ta ƙiftawa ko sau ɗaya, domin ɗaukewar daƙiƙa guda ta rusa wasan ƙarshe. Tun tashin farashin mai na 2023, duk wanda ya zana rufi bai lissafa sola da batir ba ya zana wa kansa bashi. Sannan yaron Agege da zai kashe awa uku a hanya kafin ya isa Lekki ba zai zo atisaye kullum ba. Ɗakuna matsakaita a unguwanni, masu buɗewa kowace rana, da bango mai motsi da za a ja a faɗaɗa ranar gasa, su ne za su mayar mana da abin da muka rasa.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka katse a tekun da ke gaɓar Kodebuwa, bankuna suka rikice, intanet ya yi ta rarrafe kwanaki. Da yammacin ranar na bi ta wani gidan gem da ya rage a bayan layin dogo a Agege. Masu wasan waya sun haƙura sun zo sun cika benci, janareto na kuka, yara biyu na fafatawa a na'ura ɗaya, mai shagon yana rubuta sunayen masu jiran layi a bayan kwali.